Tsaron Gida a Damaga: Kafin Mu Sayi Kyamara

Duk ɗalibin da ya koma gida hutu a 'yan shekarun nan, ko Damaga ce a ƙasar Maradun, ko wani ƙauye na Bakura da Talata Mafara, ya san tambayar da iyaye kan tare mu da ita bayan gaisuwa: "To, ku da kuka yi karatu, wace dabara kuka zo mana da ita?" Mu kuwa, don gudun a ce boko bai tsinana mana kome ba, sai mu shiga ba su labarin kyamarar tsaro wadda mutum zai ga ƙofar gidansa ta cikin waya ko da yana Gusau. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikata ma, da albashi ya shigo, ita suke fara tunanin aikawa gida.

A ra'ayinmu wannan kuskure ne. Kyamara tana bukatar wuta da intanet. Ba mu manta ba, ran 1 ga Satumba 1ta 2021 aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandare ta Kaya a nan Maradun, kuma cikin 'yan kwanaki hukuma ta katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, aka yi makonni ba a jin kowa. Wanda ya dogara ga waya kaɗai, a wancan lokaci dutse ya riƙe a hannunsa. In ma kyamarar ta yi aiki, hoton abin da ya riga ya faru za ta ba mu, alhali kuwa mai gida abin da yake nema shi ne ya ji tun kafin a iso.

Sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ɓarayi iri biyu ne. Akwai ɓarawon akuya da na rumbu, wanda sakata da kare ke kora. Akwai kuma 'yan bindiga da ke zuwa bisa babura, irin waɗanda suka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu 2021, suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta na shekarar. Waɗannan babu ƙyauren da zai tsai da su. Abin da talaka zai iya saya game da su minti ne kawai: minti biyar ko goma na tashin yara da ficewa.

Mintocin nan ba su da tsada. A fara da ƙofa. Ƙarfin ƙyaure ba a ƙwado yake ba, yana ga katakon da aka kafa shi a kai. In damina ta ci gindin katanga, shuri ɗaya zai fid da ƙofar duk da ƙwadonta. A gyara wannan, a gicciya azara daga ciki. Ƙwado a waje kuwa shela ce cewa babu kowa a gida. Bayan katanga a jibge ƙayar magarya, a ja waya siririya daidai ƙwauri, a rataya mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Wani zai yi dariya, ya ce ɗan jami'a ya koma wasan yara. To, gwangwani ba ya neman caji. Haka zabi, waɗanda kakanninmu suka daɗe da sanin ba sa ganin baƙon abu su yi shiru.

Cikin kayan zamani, guda ɗaya muke ganin ya cancanci kuɗinsa, watau fitilar sola mai kama da kanta in ta ji motsi. Rana ke cika batirinta, kuma ɗumin jikin mai wucewa ke tashinta, don haka akuya ma kan kunna ta. A kafa ta sama, fuskarta waje, domin ta haska mai zuwa, kada ta tona masu gida.

Amma duk wannan banza ne in gida ɗaya ya yi shi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane magidanci ya kwana da usur kusa da kai, a kuma yi shawara gaban mai unguwa: busa iri kaza ɓarawo ne, a fito, iri kaza kuwa a gudu. Lasifikar masallaci ta zauna da batir cike. Kowane gida ya san ƙofarsa ta baya, ya san wa zai goya jariri, wa zai kama hannun tsohuwa, da inda za a haɗu. Shirin nan kada ya zama hirar teburin mai shayi, don masu kai rahoto daji ba daga sama suke faɗowa ba. Sa'an nan kada tsoronsu ya sa mu ɗora wa maƙwabci laifi saboda yarensa. Mun ga jinin da irin wannan zargi ya jawo a zamanin 'yan sa-kai.

Za a ce mana ai tsaro aikin hukuma ne. Haka ne, ba mu kuma yafe mata ba. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga, a Janairu 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Har yanzu manomi bai sami barci ba. Mu ɗalibai ma abin ya iso mu, tun da a Satumba 2023 har ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau aka shiga a Sabon Gida.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyinmu na ɗaliban Maradun, Bakura da Mafara, a hutu mai zuwa kuɗin da akan kashe wajen walimar ƙarshen zango a sayi usur da fitilu da su, a bi unguwa-unguwa tare da kafinta ɗaya ana duba ƙofofi, a fara da gidajen gwauraye da na marayu.