La'adar dillalai a kwangilar manhaja

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka don jan hankali kan wani nau'in cin hanci da ba a cika tattaunawa a kai ba, wanda ake yi wajen sayen manyan manhajojin da hukumomi ke tafiyar da albashi, kuɗi da kayan ajiya da su. Badaƙalar kamfanin SAP na Jamus a Afirka ta Kudu ta isa hujja.

A 2017, saƙonnin iyalan Gupta da suka fallasu sun nuna SAP ya amince ya biya wani ƙaramin kamfani mai suna CAD House la'adar kashi 10 cikin 100 a kan kwangilar Transnet, hukumar jiragen ƙasa da tashoshin jiragen ruwa. Da sayar da firintoci aka san CAD House. Jarinsa na haƙiƙa shi ne alaƙarsa da iyalan Gupta, aminan shugaban ƙasar na lokacin, Jacob Zuma. A 2022 kotu ta musamman ta soke kwangilolin lasisi na 2015 da 2016 tsakanin SAP da Ma'aikatar Ruwa, ta umarci kamfanin ya mayar da sama da rand miliyan 400. A Janairun 2024 kuma ya yarda ya biya fiye da dala miliyan 220 don sasantawa da hukumomin Amurka, waɗanda bincikensu ya taɓo har Ghana, Kenya, Tanzaniya da Malawi. Dalilin da ya sa irin wannan ke daɗewa a ɓoye a fili yake. Idan ɗan kwangila ya ha'inci hanya, damina ɗaya za ta tona masa asiri. Lasisin manhaja kuwa ba mai ganinsa da ido, talaka bai san farashinsa ba, ɗan majalisa ma da wuya ya gane ko an saya fiye da buƙata. Cikin wannan duhu kuɗin dillali ke shigewa.

Wasu za su ce babban kamfani ba ya rabuwa da wakilai na gida. Haka ne, amma mai girka manhaja ko horar da ma'aikata yana da aikin da zai nuna. Wanda aikinsa bai wuce buɗe ƙofar ofishin babba ba, na goro ake ba shi, ko da an kira shi la'ada. SAP da kansa ya daina biyan irin wannan la'ada a kwangilolin gwamnati na ƙasashen da cin hanci ya yi katutu, tun 2017. Wasu kuma za su ce ai an ci tara, magana ta ƙare. Tarar Amurka ta zo ne kusan shekara bakwai bayan fallasar, kuma 'yan jaridar amaBhungane da abokan aikinsu ne suka fara bankaɗo lamarin, alhali masu binciken kuɗi na hukumomin da suka sayi manhajar suna nan. Shi ya sa nake kira da a wajabta wa kowace hukuma, kafin ta sa hannu, ta wallafa sunan duk wani dillali, ainihin masu kamfaninsa, aikin da zai yi da abin da za a biya shi, sannan duk shekara ta bayyana lasisi nawa ta saya da nawa ake amfani da su.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka