Sanin Farashi Garkuwar Manomi

A kowace Laraba manoman Kurfi da na ƙauyukan Dutsin-Ma kan kai gero da dawa kasuwa, amma galibi dillali kaɗai ya san kuɗin buhu a Dawanau. Wannan rashin sani ne ke karya manomi. Binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsin Nijar ya nuna shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Don haka ya kyautu hukuma ta riƙa shelar farashin kasuwanni ta rediyo, tun da ƙayyade shi kan jawo ɓoye kaya. Manomin da ya san darajar hatsinsa ba ya sallamawa a tayin farko.