Kowa da Gurbinsa: Magana Kan Wasan Koci a Zangon Agoè



Ƙorafi ya yawaita a zauren dattawa game da wani wasa da ya shiga hannun samarinmu. Iyaye suna cewa yaro zai zauna a ƙofar shago ko a kan babur ɗinsa na zemijan, ido a kan waya, ba ƙwallo yake bugawa ba, ba kuma kallonta yake yi ba, sai matsar da 'yan ɗigo a kan hoton fili yana cewa shi koci ne. Har wasu sun nemi a yi shela a hana. Mun saurari iyaye, mun kuma sa samarin sun nuna mana abin da idonmu. Ra'ayinmu shi ne kada a hana, domin a cikinsa akwai ilimin da Zango ke bukata ƙwarai, wato sanin yadda ake ajiye kowane mutum a gurbin da ya dace da shi. Sai dai yadda yawancin samarin ke yin wasan a yau yana zubar da wannan ilimi tun kafin su ɗanɗana shi, kuma a nan ne gyara ya wajaba.

Ga wanda bai sani ba, mafi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Football Manager na kamfanin Sports Interactive da ke Landan. Wasu 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fito da shi a 1992 da sunan Championship Manager, daga ƙarshen 2004 ya koma sunan da aka san shi da shi yanzu. Akwai masu kama da shi da suka fi sauƙi a waya, irin su Top Eleven. Mai wasa ba ya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Aikinsa shi ne ya sayi 'yan wasa gwargwadon kuɗin da aka ba shi, ya horar da su, ya jera su a fili, sannan ya zuba ido ya ga abin da shawararsa ta haifa. Kowane ɗan wasa an auna shi daga 1 zuwa 20 a kan gudu, juriya, miƙa ƙwallo, natsuwa, ƙwazo da sauransu. Bayanan suna da ingancin da ya sa ƙungiyar Everton ta Ingila ta ƙulla yarjejeniya a 2008 don ta riƙa duba su wajen neman 'yan wasa.

Saboda haka idan kun ji yaro yana cewa 4-3-3, ba lambar caca yake kira ba. Yana nufin mutum huɗu a baya, uku a tsakiya, uku a gaba, ban da mai tsaron gida. Idan ya ce 4-4-2, ya rage ɗaya a gaba ya ƙara a tsakiya. Bayan jeri kuma akwai aiki: wannan ya tsaya ya tsare, wancan ya taimaka, ɗayan ya kai hari. Akwai umarnin abin da za a yi idan ƙwallo tana hannunmu, da abin da za a yi a daidai lokacin da aka ƙwace ta, da inda za a tsaya idan tana hannun abokan karawa. Mutum goma sha ɗaya ne kawai, duk inda ka ƙara ƙarfi lalle ka rage a wani wuri.

To, ina matsalar take? Yawancin samarinmu ba sa gina tsari da kansu. Sai su shiga intanet su sauko da wanda wani ya haɗa a Turai, an ce ba a cin sa, su ɗora wa ƙungiyarsu. Sannan ba sa ɗaukar ƙaramar ƙungiya, kowa Real Madrid ko Manchester City yake so, inda kuɗi ke rufe kowane kuskure. Idan kuma aka ci su, sai su kashe wasan su koma inda suka adana shi, su maimaita har sai sun yi nasara. Wanda ya yi waɗannan abubuwa uku zai iya tara kofuna a waya, amma bai koyi komai ba, domin ya toshe duk ƙofar da darasi zai shigo.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ɗauki misali: tsarin da ke cewa 'yan baya su matso har tsakiyar fili don a matse abokan karawa yana bukatar masu gudu. Idan naka manya ne masu nauyin jiki, ƙwallo ɗaya mai tsawo za a jefa bayansu, ɗan gaba mai sauri ya wuce su kamar an tsayar da su. Idan ka saki 'yan bayan gefe biyu su hau gaba tare, ba ka ajiye mai lamba shida ya rufe musu baya ba, ka bar gida a buɗe. Idan ka ce a yi ta matsi minti 90 da mutanen da juriyarsu ba ta wuce 10 ba, za su mutu a tsaye bayan hutun rabin lokaci. Koci na gaskiya yakan fara da tambayar wa nake da shi, me ya iya, me ya gagare shi, daga nan lambobi su biyo baya.

Haka abin yake a tarihin ƙwallo. A 1925 aka sauya dokar satar gida, aka rage adadin abokan karawa da dole su kasance gaban mai kai hari daga uku zuwa biyu, sai ƙwallaye suka yi ta shiga raga. A watan Oktoba na shekarar Newcastle ta lallasa Arsenal da ci 7 da nema. Kocinta Herbert Chapman, bisa shawarar ɗan wasansa Charlie Buchan, ya janye ɗan tsakiya ɗaya ya mai da shi baya, ya sake jera sauran, daga nan aka samu tsarin da ake kira WM, wanda ya kai Arsenal ga lashe gasar Ingila a 1931 da 1933. Kashin da aka ba shi ne ya koya masa. Da yana da maɓallin komawa baya irin na samarinmu, da bai ƙirƙiri komai ba.

Mu kuwa wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Kakanninmu fatake sun yi ta ratsa ƙasar nan daga Kano zuwa Salaga a Gwanja, ta Sansanin Mango, suna kai kanwa, tufafi da fatu, suna komowa da goro. Ayari ba ya tashi kara zube. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke inda za a yada zango, shi ke magana da sarakunan hanya. Jagaba yana gaba domin ya san hanya da mashaya. Uban dawaki yana tattara kuɗin da ake biya a mashiga da mafita, malamin ayari yana riƙe da rubutu da addu'a. Madugun da ya sa mai tsoro a gaba, ko ya auna tafiyar yini da saurin dokinsa ya manta da jakin da ya fi kowa nauyin kaya, ba ya kai mutanensa gida. Sunan unguwarmu kansa daga wannan tsari ya fito. Kuma a 1977, da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome aka kawo iyayenmu nan, kimanin kilomita 15 arewa da gari, gine-gine sun faɗi amma ciniki bai mutu ba, domin maigida ya san aikinsa na saukar da baƙo da tsaya masa, dillali ya san nasa, yaran gida sun san nasu.

Akwai kuma wani abu da lambobi ba sa nunawa, kuma ƙasarmu Togo ta biya kuɗin koyonsa da tsada. Marigayi Stephen Keshi ya karɓi ƙungiyar da ba wanda ya sa ta a lissafi, ya gina ta a kan abin da take da shi, ta wuce Senegal da ta kai zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta 2002. Emmanuel Adebayor ya ci ƙwallo 11 a wasannin neman gurbi, kuma ranar 8 ga Oktoba 2005 aka ci Kongo 3 da 2 a Brazzaville, Togo ta samu tikitin gasar duniya karo na farko. Waɗanda suka ga daren nan a Lome ba za su manta ba. Amma a gasar Afirka ta Masar a farkon 2006 saɓani ya fito fili tsakanin koci da babban ɗan wasansa, aka sha kashi a wasanni uku, aka sallami Keshi, aka kawo Otto Pfister. A Jamus kuma rikicin kuɗin alawus ya ɓarke, har Pfister ya ajiye aiki ana saura 'yan kwanaki a fara, ya dawo dab da wasan farko.

Ranar 13 ga Yuni a Frankfurt, Mohamed Kader, ɗan Sokode, ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo, Togo ta tafi hutu tana gaba. Bayan an dawo aka kori kyaftin Jean-Paul Abalo, aka rama, aka ƙara, aka tashi 2 da 1. Switzerland ta ci 2 da nema bayan 'yan wasa sun yi barazanar ƙin fita fili, Faransa ma ta ci 2 da nema. Kusan mutanen da suka fitar da Senegal ne, ƙafafunsu ba su canza ba. Bango ne ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Masu wasan Football Manager sun san haka, shi ya sa suka sanya a cikinsa cewa idan ka yi wa ɗan wasa alkawari ka saɓa, zai yi fushi, abokansa su bi bayansa, ƙwazon ƙungiya ya faɗi ko da tsarinka ya fi na kowa kyau. Yaron da ya gane wannan ya gane abin da ke rusa ƙungiyoyin matasa, adashe, har da kwamitin masallaci.

Ba mu ce iyaye ba su da hujja ba. Wasan yana cin lokaci fiye da yadda mai yinsa ke zato, yana cin kuɗin data, kuma mun ga waɗanda kiran salla ke wuce su suna cewa saura wasa ɗaya. Mafi hatsari shi ne yaron da ya ga ya iya hasashen sakamako a waya, sai ya ɗauka zai iya a shagon caca. Wannan haramun ne, kuma hanyar talauci ce, babu sassauci a kansa. Amma wanda ya fahimci wasan da kyau shi ya fi kowa sanin cewa tsari mai kyau ma ana cin sa da ƙwallo ɗaya ta kuskure, don haka mai hankali ba ya ɗora guminsa a kan abin da ba ya hannunsa. Maganin ɓarnar lokaci iyaka ne, kuma iyaka aikin gida ne.

Abin da ya fi damunmu ma shi ne harshe. Samarinmu suna muhawarar tsari da Faransanci, suna zolayar juna da Mina, Hausa sai wajen gaisuwa. Alhali muna da mai tsaron gida, 'yan baya, 'yan tsakiya, 'yan gaba, satar gida, bugun kusurwa, bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida. Harshen da ba a yin tunani mai zurfi da shi yakan koma na cefane kawai. A cikin wasan kansa, ɗan wasan da bai ji yaren abokansa ba yakan daɗe bai saje da su ba, har sai an tura shi koyo.

Ga abin da muke roƙo. Ku samari, duk mai kiran kansa koci ya ɗauki ƙungiya mara kuɗi. Gasar Togo ba ta cikin waɗanda wasan ke zuwa da su sai an shigar da ita da hannu, amma masu kwamfuta a cikinku za su iya, mu ga wanda zai ɗaga Semassi ta Sokode ko Agaza ta Lome da tsarin kansa. Idan an ci ku, ku karɓa, ku duba inda aka shigo muku. Ku iya bayyana tsarinku da Hausa ga dattijon da bai taɓa riƙe wayar zamani ba, domin wanda ya kasa bayani bai gama fahimta ba. Sannan ku fito da abin daga waya. Unguwa cike take da yara masu buga ƙwallo a kan rairayi, kowa yana bin ta inda ta nufa, babu mai ce musu kai tsaya nan, kai rufe can. Kowane ɗayanku ya ɗauki goma sha biyar daga cikinsu, ya san sunan iyayensu, ya san wanda ke jin kunya da wanda ke saurin fushi, ya cika musu abin da ya alkawarta. A nan za a gane koci.

Ku kuma iyayenmu da masu hali, ku taimaka da fili, ƙwallo da riguna, ku zo kallo ko sau ɗaya a wata. Yaron da ya iya jera yara goma sha ɗaya ya riƙe amanarsu, gobe shi za a ba ajiyar kuɗin ƙungiya, shi zai tsara aikin gayya idan damina ta cika mana layuka da ruwa, shi zai zauna inda muke zaune. Gara ya yi kurakuransa yanzu, lokacin da abin da za a rasa bai wuce wasa ɗaya ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya haɗa kanmu, Ya zaunar da Zango da ƙasarmu lafiya. Wassalam.

Daga magatakardan dattawa, Zangon Agoè, Lome.