Digirin Kasuwanci na Gaggawa: Kafin Ka Sayar da Kajinka Ka Biya Kuɗin Makaranta



Da yawa daga cikin masu bin wannan shafi ma'aikata ne: malaman firamare, ma'aikatan ƙaramar hukuma, ma'aikatan asibiti, a nan Zango da Daura da Mai'aduwa da Sandamu. Mutum na da albashinsa, yana da 'yan kaji ɗari a bayan gida ko tankin tarwaɗa guda. Sai ya ga talla a WhatsApp: digirin kasuwanci cikin 'yan watanni, babu zuwa aji. Sai ya fara lissafin sayar da kajin ya biya, ya samu ƙarin girma a ofis, ya kuma iya tafiyar da gona.

Ra'ayina shi ne, buƙatu biyu ne aka cusa a buhu ɗaya. Takarda daban, iya lissafin kiwo daban.

Mu fara da takardar. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida. Mako shida fa, daidai kwanakin da burola ke yi ta isa yanka! A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Wanda ya zuba jarinsa a irin wannan takarda, ba kaji, ba ƙarin girma, ga fargabar ranar da za a binciki fayil ɗinsa.

Hanyar rage shekaru ta halal tana nan. In kana da NCE ko difloma, kana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun JAMB. Mai babbar difloma yana iya yin PGD ya wuce MBA. In ba za ka iya barin aiki ba, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ke da cibiya a Katsina, akwai kuma cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya da ke bayar da digirin kasuwanci ta intanet. Shekaru za ka yi, amma takardar za ta tsaya a gaban kowa. Duk inda za ka shiga, ka fara tabbatar da hukumar NUC ta amince da kwas ɗin, ka kuma nemi izinin karatu a rubuce daga wurin aikinka.

To, sai batun kiwo. Abin da ke karya yawancinmu rashin rubutu ne. Abinci kaɗai yana cin kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Burola ɗaya tana cin kusan kilo 4 kafin ta isa kasuwa, wato kaji 100 za su tashi da buhu 16 masu kilo 25. Ka tambayi mai kiwo buhu nawa kajinsa suka ci, nawa suka mutu, nawa kowace kaza ta tsaya masa, sai ya ce, "Wallahi dai an samu alheri." Bai lissafa rigakafi ba, bai lissafa gawayin ɗumama 'yan tsaki ba, balle kuɗin mota zuwa Daura, ko kazar da aka yanka wa baƙi. Haka mai tarwaɗa: wata biyar yana zuba abinci, ranar kamu dillali ya yanka masa farashi, shi kuwa bai san nawa kilo ɗaya ya tsaya masa ba. Ta yaya zai yi ciniki?

Wannan ba ya buƙatar jami'a. Littafi mai bango da biro sun isa, kuma yau za ka fara.

Ba ina hana karatu ba ne. Ni ma fannin kasuwancin noma na karanta, kuma na san amfaninsa wajen tsara kasuwanci da neman rance. Amma wanda ya shiga aji da littafin lissafin zubi uku na kajinsa, duk darasin riba da faɗuwa a kan gonarsa zai gan shi. Wanda ya je neman takarda kawai, takarda kawai zai dawo da ita.

Shawarata: kada kuɗin makaranta ya fito daga uwar kuɗin kiwo. Ya fito daga albashi, ko daga ribar da ka gani a rubuce. In ka yi zubi uku littafinka bai nuna ribar da za ta biya zango ɗaya na karatu ba, gonar ce ke neman gyara tukuna. Sauri ya haifi nawa.

Allah ya sa albarka a kiwonmu da karatunmu.