Na'ura Mai Hira Da Hausar Gummi

Duk ɗalibin da ya karanta ilmin halittu ya san cewa kunne ba ya fahimtar magana. Aikinsa shi ne ya karɓi sauti, jijiya ta kai shi ga ƙwaƙwalwa, a can ne ake gane abin da aka ce. To, haka manhajar nan mai hira da mutane a wayar salula take aiki. Ita kunne ce da baki kawai. Ƙwaƙwalwarta tana can cikin wasu manya-manyan kwamfutoci da kamfanoni suka jera a ƙasashe masu nisa, waɗanda masana suke kira gajimare, intanet kuwa ita ce jijiyar da ta haɗa su.

Idan mutum ya rubuta tambaya, sai manhajar ta tura ta gajimare. A can za a gane harshen da aka yi amfani da shi, a rarrabe kalmomin, a tsamo sunan gari ko na cuta, sa'an nan a gano manufar mai tambaya. Bayan haka ne amsa za ta dawo. Wannan fasaha ta yi nisa ƙwarai tun daga ELIZA, wadda Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiro a Amurka a 1966, har zuwa ChatGPT da ta fito a 2022.

Ra'ayina shi ne, haɗa manhaja da gajimare ba zai amfane mu ba sai wannan ƙwaƙwalwa ta san Hausarmu. Ita ba ta san kome ba sai abin da aka ciyar da ita na rubutu. An sa Hausa cikin Google Translate tun 2013, amma yawancin rubutun Hausa da ke intanet Daidaitacciyar Hausa ce ta jaridu da gidajen rediyo. Mutumin Gummi kuwa cewa yake “shina” a maimakon “yana”, “mi” a maimakon “me”, “hwaɗi” a maimakon “faɗi”. Ga kuma masu rubutu a waya da ba sa sa wa haruffa ƙugiya, har “ƙasa” ta koma “kasa”.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar malaman harshe ce kurum. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Alamominta sun haɗa da amai da ciwon ciki da jijjiga. A ce yau wata uwa ta aika wa manhajar lafiya saƙo da Zamfarci cewa ɗanta shina jijjiga, na'urar ta kasa ganewa, ta ba ta amsar da ba ta dace ba. Ai kuwa rai ne a tsakani.

Akwai kuma matsalar jijiyar ita kanta. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro. A irin wannan hali manhajar da ta dogara ga gajimare kurma ce kuma bebiya. Saboda haka wajibi ne masu ƙera ta su ajiye muhimman amsoshi a cikin wayar, su kuma tanadi hanyar miƙa mai tambaya ga ma'aikacin lafiya duk lokacin da na'ura ta yi shakka.

Abin farin ciki shi ne 'ya'yan Afirka sun tashi tsaye. Ƙungiyar Masakhane, wadda aka kafa a 2019, da masanan HausaNLP suna tara rubutu domin koya wa na'ura harsunanmu. Amma Zamfarci sai Bazamfare.

Ya ku malamai, ku sa ƙungiyoyin Hausa da na kimiyya a makarantunku su tattara sunayen cututtuka da na tsirrai da na kayan noma kamar yadda tsofaffi suke faɗinsu, tare da takwarorinsu na Daidaitacciyar Hausa. Ya ku ɗalibai, ku riƙa sa wa haruffa ƙugiyarsu idan kuna rubutu. Littafi ɗaya da ɗan aji biyar ya cika da kalmomin kakarsa ya isa ya zama mafarin wannan aiki a Gummi.