Beli Kyauta Ne, Amma Wa Ya Faɗa Wa Inna Da Hausa?

A ofisoshin 'yan sanda da dama an manna a bango cewa beli kyauta ne. Da Turanci fa. Uwar da aka kama wa ɗa ko ta ɗaga kai ta gani ba za ta gane ba, kuɗin adashinta za ta kwance ta biya.

Dokokin nan akwai su, 'yan uwana ɗalibai. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. In babu, kwana biyu, sai in kotu ta ga dalilin ƙari. Laifuka masu hukuncin kisa ne kawai aka keɓe. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, wato ba a tsare uba don ɗansa ya gudu. Ta kuma hana kamu kan rigimar bashi zalla.

To, wa zai kai wannan labari unguwa? Ni dai ina ganin mu ne. A Oktoban 2020 matasa sun yi amfani da Twitter har aka rusa SARS, amma yawancin zancen da Turanci aka yi. Mai kayan miya ba ya Twitter. Saƙon murya na WhatsApp kuwa yana saurare, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Wani zai ce sanin doka ba ya hana mari. Haka ne. Amma wanda ya san an zalunce shi yakan nemi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko lauyoyin gwamnati masu taimakon marasa ƙarfi kyauta. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙaddara ce, ya yi shiru.

Shawarata ga ƙungiyarmu: duk mako a fitar da saƙon murya na minti ɗaya, haƙƙi ɗaya, da lambar sashensa. 'Yan sashen aikin jarida su naɗa, kowa ya tura zauren gidansu. Sai dai dole lauya ya saurara kafin a saki, don in ka koya wa mutum dokar ƙarya, kai ka jefa shi rami.

Datar da muke ƙonawa a TikTok dare ɗaya wallahi ta ishe mu.