Kafin 'yan jari-bola su riga mu: tsofaffin kaset ma makaranta ne

A wannan makon ina so in ja hankalinmu ga wani kaya da ake zubarwa a gabanmu muna kallo: tsofaffin kaset-kaset na bidiyo da faya-fayan CD na finafinan Hausa. Ra'ayina shi ne, duk mai son ya iya rubuta labari, idan ya ci karo da su a wurin 'yan gwanjo ko a tsohon shagon haya, ya ciro kuɗi ya saya.

A nan Gwangwan, da Rogo da Ƙaraye, gidaje da yawa akwai kwalin kaset a ƙarƙashin gado. Wani yara sun zare shi, wani an ɗaura zarensa a gona don korar tsuntsaye, faifan kuma ya koma ado a jikin keke. Ragowar sai mai jari-bola ya auna. (Masu tsokana su ce ai 'yan Gwangwan ne ya kamata su san darajar kayan gwangwan. Na karɓa.)

Abin da ake zubarwar nan tarihin adabinmu ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa. Daga cikin waɗanda suka raini harkar akwai marubuta irinmu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994. An yi fim da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, an yi da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Sunan Kannywood ɗin ma marubuci ne, Sunusi Shehu Daneji, ya raɗa shi a mujallar Tauraruwa.

A nan darasin yake. Ka karanta littafin Hajiya Balaraba, sannan ka kalli fim ɗin da biro a hannunka. A takarda, marubuciya tana da damar shiga zuciyar Rabi ta faɗa maka abin da take ji lokacin da Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'yanta. Kyamara ba ta shiga zuciya. Dole a nuna baƙin cikin a fuska, ko a shiru, ko a yadda mace ke ɗaure kayanta. Ka rubuta abin da aka zubar daga littafin, da abin da aka ƙara, ka tambayi kanka dalili. Wanda ya yi haka da fim uku zai daina cika shafi da "ta ji wani irin baƙin ciki mara misaltuwa", zai fara nuna mana abin da ta yi da hannunta.

Sai kuma harshe. Yawancin 'yan wasan farko daga ƙungiyoyin wasan daɓe da na talabijin suka fito, kuma sau da yawa labarin ake ba su, su zuba maganar da bakinsu. Shi ya sa za ka ji Hausar tsakar gida: yadda uwar miji ke habaici, yadda ake gaisuwar surukai, yadda dillaliya ke zuga. Mu da muka tashi da waya a hannu, tattaunawar taurarinmu ta fara kama da saƙon WhatsApp. In kana rubuta labarin da ya faru a 1997, ina za ka ga irin ɗinkin atamfar lokacin, da jeren kwalla a ɗakin amarya, da motocin da ke bin titin Kano? Suna cikin kaset ɗin nan.

Na san wani zai ce ai akwai YouTube. Akwai, amma wanda ya yi suna aka fi ɗorawa, irin su Sangaya da Wasila, kuma sau da yawa an datse farko da ƙarshe inda sunayen ma'aikata suke. Kwalin kaset kuwa yana ɗauke da sunan kamfani, da mai labari, da mai ba da umarni, wani lokaci har da shagon dillali a Ƙofar Wambai ko Bata. Irin bayanan da masu nazari kamar Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ke aiki da su ke nan.

Wani kuma zai ce yawancinsu kwaikwayon Indiya ne da rawa da waƙa. Gaskiya ne, da yawa haka suke, musamman bayan Sangaya ya yi kasuwa. To ka saye su duk da haka. Fim mara kyau yana koyarwa: ka gano a wane minti labarin ya kwance, ka gano dalili, sai ka duba ko rubutunka na kan layi bai kwance a wurin ba. Dukkanmu mun san littafin da aka ja shi shafi ɗari don kawai a ci gaba da biyan kuɗin karatu.

Wajen saye, leƙa ta tagar kaset ɗin; in ka ga fari-fari a jikin zaren, fumfuna ce, kada ka sa shi a na'ura don zai ɓata kanta. Ajiye su a tsaye, nesa da rana da danshin damina. Faifan VCD kuwa kusan kowace na'urar DVD tana karanta shi, sai dai ka tabbatar an haɗa maka na ɗaya da na biyu. Na'urar bidiyo, a tambayi masu gyaran rediyo.

Shawarata ga shugabannin wannan zaure: a buɗe jeri, duk wanda ke da kaset ko faifai ya ɗauki hoton kwalin gaba da baya, ya rubuta sunan fim da garin da yake. Kada kowa ya ɗora fim ɗin wani a intanet ba da izinin mai shi ba; mu ne kan gaba wajen kuka idan aka yi mana haka da littafi. Na fara da guda shida da ke hannuna, hotunansu na nan ƙasa.